Soyayyar shinkafar Japan: me take bai wa jiki?

A Japan ana kiranta chahan ko yakimeshi. Asalinta girkin Sinawa ne, amma yau ta zama abincin gida a ƙasar. Dafaffiyar shinkafa ce ake soyawa a wuta mai ƙarfi da mai, ƙwai, ganyen albasa da ɗan nama, a zuba shoyu, wani baƙin ruwan ɗanɗano da ake yi da waken suya, alkama da gishiri. Naman kuwa galibi na alade ne, don haka wanda tafiya ta kai shi can, sai ya tambaya kafin ya ci. Ana yin ta kuma da kaza ko jatan lande.

To mu duba faranti guda. Giram 200 na dafaffiyar shinkafar Japan na ba da kalori kusan 300, mafi yawa daga sitaci. Ƙwai ɗaya na ƙara kalori wajen 75 da furotin mai gina jiki kimanin giram 6. Babban cokali ɗaya na mai shi kaɗai kalori 120 ne. Ke nan faranti ya doshi kalori 500 tun ba a sa nama ba. Kuzari dai akwai shi, sai dai farar shinkafa ba ta da harza sosai, ganyen da ake sawa kuma ɗan kaɗan ne.

Inda gizo ke saƙar shi ne gishiri. Babban cokali ɗaya na shoyu na ɗauke da gishiri kusan giram 2 da rabi, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya OMS ta ce babban mutum kar ya kai giram 5 a yini. Mai hawan jini ya lura da wannan. Mai ciwon suga kuma ya rage yawan shinkafar, don tana saurin ɗaga sugan jini.

Sai batun ajiya. An fi soya ta da shinkafar da ta kwana. In aka bar dafaffiyar shinkafa a waje cikin zafi, ƙwayar cutar Bacillus cereus na iya yaɗuwa a ciki, ta saki dafin da ke sa amai, kuma suya ba ta kashe dafin. A sa ta firigo da wuri.

Shawararmu ga mai son girka ta: a rage mai da shoyu, a ƙara karas, kabeji da ƙwai.