Awa 72 da kwana 28: daga ina waɗannan lambobin suka fito? (Zare)

1/ Shekara uku da suka wuce allura ta soke ni a yatsa, a wani ƙaramin asibitin kuɗi a Barnawa inda nake koyon aiki. Daren Juma'a ne. Na ɗebi jinin mara lafiya, garin mayar da murfi ta shige ni. Gwajinsa ya nuna yana ɗauke da HIV. Mai kula da mu ya ce in wanke da sabulu, a duba ranar Litinin.

2/ Na kira yayata, nas ce. Ta ce: "Ke! Wace Litinin? Tari keke ki fito yanzu." A daren na haɗiyi ƙwayar farko ta PEP, maganin gaggawa da ke hana cutar kama jiki bayan an yi cuɗanya da ita. Da na jira, awa 60 sun wuce. Wannan ne ya sa na bi tarihinsa. Ku biyo ni.

3/ A Yunin 1981 likitoci a Amurka suka fara ba da rahoton cutar da muke kira ƙanjamau. A 1983 masu bincike a Cibiyar Pasteur ta Faransa suka gano ƙwayar. Najeriya ta ba da rahoton nata na farko a 1986. A shekarun nan idan allura ta soki ma'aikacin lafiya, sai jira da addu'a.

4/ A 1987 aka amince da AZT, maganin HIV na farko. Wasu asibitoci suka fara bai wa ma'aikatansu bayan sukar allura, ba tare da tabbacin yana aiki ba. Yana da wahalar sha, ga tashin zuciya ga kasala, da yawa ba sa ƙarasawa.

5/ Hujja ta zo a 1997. An bi bayanan ma'aikatan lafiya a Amurka, Faransa, Birtaniya da Italiya waɗanda allura mai jinin HIV ta soka. Shan AZT ya rage haɗarin kamuwa da kusan kashi 81 cikin 100. Wato nas-nas irina ne shaidun farko.

6/ Kwana 28 ɗin fa? Daga birai. A 1998 a Amurka aka sa wa birai SIV, 'yar'uwar HIV, aka fara ba su tenofovir bayan awa 24. Waɗanda suka samu na kwana 28 duk sun tsira. Na kwana 10, rabi. Na kwana 3, ko ɗaya.

7/ Da aka jinkirta farawa zuwa awa 48 ko 72, kariyar ta ragu. Dalili: ƙwayar na ɗaukar 'yan kwanaki kafin ta bazu daga inda ta shiga ta kafu a jiki. Wannan ɗan tsakanin ake tsere da shi. Don haka awa 72 iyaka ce ta ƙarshe. Awa biyu ta fi awa 20.

8/ Da farko maganin ma'aikatan asibiti ne kawai. Sai a 2005 hukumar CDC ta Amurka ta fitar da ƙa'idar bai wa wanda aka yi wa fyaɗe ko kwaroron roba ya fashe masa. WHO ta fitar da tata a 2007.

9/ Mu nan fa? A 2001 kiyasin masu cutar a Najeriya ya kai kashi 5.8. A 2002 gwamnatin Obasanjo ta fara rabon magani a cibiyoyi 25, ana biyan naira 1,000 a wata. Tallafin PEPFAR ya shigo a 2004, magani ya zama kyauta a 2006. Binciken NAIIS na 2018 ya samu kashi 1.4.

10/ Yau a kudancin Kaduna ba sai ka tsallaka gada ba. A Asibitin Gwamna Awan da ke Kakuri akwai Cibiyar Salama, wadda aka buɗe don waɗanda aka yi wa fyaɗe, kyauta kuma cikin sirri. Akwai irinta a Tudun Wada, Zariya da Kafanchan.

11/ Maganin ma ya sauya. Yanzu ƙwaya ɗaya ce a rana, TLD, haɗin tenofovir, lamivudine da dolutegravir. Za a fara gwada ka, don PEP na wanda bai riga ya kamu ba ne. Ba ya hana ciki, ba ya hana sanyi, waɗannan nasu daban.

12/ Abin da ke ci mini rai: an yi shekaru kafin maganin nan ya iso Kakuri, mu kuma muna zubar da awannin saboda kunya. A yi wa yarinya fyaɗe, a kwana uku ana zaman sulhu tsakanin dangi. Kafin a gama "a rufa asiri", lokaci ya ƙure. A fara kai ta asibiti tukuna, don Allah.

13/ Ni dai na sha kwana 28 cif, har da ranakun da ban so ba. Gwajin wata uku ya fito lafiya, Alhamdulillah. Yaya, ban manta ba.

14/ Ku adana zaren nan, ku tura wa ƙannenku. Idan ta faru da dare, ku je da dare, ku ce PEP kuke nema. Allah Ya tsare mu baki ɗaya.