MiG-17 a Kano, da Ɗan'uwansa da Aka Jingine a Rasha

A watan Agustan 1967, manyan jiragen dakon kaya na Tarayyar Sobiyet suka riƙa sauka a filin jirgin Kano, inda alhazanmu suka saba tashi, suna sauke jiragen yaƙi ƙirar MiG-17 a wargaje, ana harhaɗa su a nan, domin Ingila da Amurka sun ƙi sayar wa gwamnatin Gowon, wadda ke yaƙi da Biyafara, irinsu.

Asalin jirgin nan gyara ne. Magabacinsa, MiG-15, wanda aka karkata fikafikansa baya da digiri 35, yakan ƙi jin linzami idan ya kusanci saurin sauti. Sai ma'aikatar Mikoyan da Gurevich ta mai da karkatar 45, kuma jirgin gwajin da ya fara tashi a Janairun 1950 bai wuce watan Maris ba sai da ya faɗi, matuƙinsa Ivan Ivashchenko ya halaka. Maƙasudinsu kuwa shi ne tare manyan jiragen bam na Amurka can ƙololuwar sama.

Amma abin da ya fi cancantar nazari shi ne wani reshe da suka kira SN, wanda suka jarraba wajen 1953. Da yake MiG-17 ta hanci yake shaƙar iskar da injinsa ke buƙata, sai injiniyoyin suka toshe hancin, suka mai da kafofin iskar gefe biyu, suka dasa bindigogi uku masu milimita 23 waɗanda ake ɗagawa ana sunkuyarwa, domin matuƙi ya harbi abin da ke ƙasa ba tare da ya sulmiyo da kai ba. Hikima ce a takarda, sai dai kowace fa'ida ta zo da harajinta: ƙarfin injin ya ragu, gudu da hawa suka ragu, kuma duk sa'ad da aka harba bindigogin a karkace sai tokarinsu ya gusar da hancin, saiti ya ɓaci. Aka jingine shi.

Ga alama abin da aka jingine ɗin nan ya fi kusa da buƙatar Nijeriya, domin Biyafara ba ta da rundunar sama ta a-zo-a-gani, galibin aikin na harbin ƙasa ne. Kuma da yake jiragen MiG-17 ɗin Nijeriya ba su da na'urar hange cikin duhu, sun kasa hana sauka da dare a filin jirgin Uli na Biyafara. A watan Mayun 1969 ma, von Rosen, wani mutumin Suwidin da ke taimakon Biyafara, ya ɗaura rokoki a ƙananan jiragen koyon tuƙi ƙirar MFI-9B, ya afka wa filayen Fatakwal da Benin da Enugu, ya tarar da jiragen gwamnati a fake a ƙasa.