Yaƙin Basasa, Marubuta da Ma'aikatan Agaji

Tun da rikicin Boko Haram ya ɓarke a 2009 ya raba mutane sama da miliyan 2 da gidajensu a Arewa maso Gabas, aikin agaji ya zama sana'ar da matasanmu ke nema ido rufe. Akan koya musu ƙidayar mutane da rabon abinci da rubuta rahoto. To amma mu a namu ganin, akwai karatun da ya kamata ya riga waɗannan, wato adabin da Yaƙin Basasar Nijeriya ya haifar, domin kuwa a wannan yaƙi ne aikin agaji na zamani ya sami kamannin da muka san shi da su.

An fara yaƙin ran 6 ga Yuli 1967, aka ƙare shi ran 15 ga Janairu 1970. Gudun hijirar kuwa ya riga harbin farko, domin kashe-kashen 1966 a garuruwan Arewa sun sa ɗaruruwan dubban 'yan ƙabilar Ibo komawa Gabas. Da sojojin tarayya suka yi wa Biyafara ƙawanya, sai yunwa ta shiga, hotunan yara masu kumburarren ciki suka cika jaridun Turai a 1968. Ƙungiyoyin coci suka riƙa jigilar abinci da dare daga tsibirin Sao Tome zuwa Uli, inda aka mai da wani yankin titin mota filin jirgin sama. A shekarar ce aka kafa ƙungiyar Concern a ƙasar Ailan. Wasu likitocin Faransa da suka yi aiki a can, cikinsu har da Bernard Kouchner, na cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar Likitoci Marasa Iyaka a 1971.

Duk wannan tarihin masu bayarwa ne. Labarin masu karɓa sai a wajen marubuta.

Mu ɗauki gajeren labarin Chinua Achebe, Girls at War, wanda ya fito a 1972. Akwai wani babban ma'aikacin gwamnati, Nwankwo, da ya je rumbun kayan agaji aka loda masa abinci a mota don iyalinsa, alhali mayunwata na tsaye suna kallo. Abin lura shi ne Achebe bai mai da shi azzalumi ba. Mutum ne mai jin kunyar abin da yake yi, amma bai fasa ba. Haka kuma yarinyar nan Gladys, wadda ta fara da kishin ƙasa, yunwa ta kai ta ga dogaro da maza masu hali. Wanda ya karanta wannan ba zai yi mamakin rahoton Human Rights Watch na 2016 ba, wanda ya nuna yadda wasu jami'ai suka yi lalata da mata a sansanonin Maiduguri, wasu ta hanyar yi musu alkawarin abinci ko aure. Ashe an riga an faɗa shekara 44 kafin nan.

Ken Saro-Wiwa ya fi kowa shiga cikin sansanin kansa. A littafinsa Sozaboy na 1985, Mene, yaron mota da ya shiga soja ba tare da ya san dalilin yaƙin ba, yana bin sansani sansani yana neman uwarsa da matarsa Agnes. Can ya tarar da mutanen garinsu Dukana sun zama ƙashi da rai, amma basaraken garin da faston cocinsu sun yi ɓul-ɓul. Duk ma'aikacin da zai miƙa buhunan hatsi ga "shugabannin al'umma" ya juya baya, ya dace ya san waɗannan mutane biyu. Flora Nwapa kuwa, a Never Again na 1975, ta nuna wata fuskar da ba a cika kula da ita ba: yadda ake yi wa mai shirin gudu kallon maci amana, har mutane su ƙi fita sai wuta ta iso ƙofar gida.

Ina namu a cikin wannan fage? Mawaƙan Hausa ba su yi shiru ba, har Graham Furniss ya yi nazarin rubutattun waƙoƙinsu na yaƙin a 1991. Sai dai galibinsu kirarin soja ne da kiran haɗin kan ƙasa, abin da ya dace da bukatar lokacin. Muryar wanda ya ɗauki tabarma ya gudu ba ta da ƙarfi a cikinsu, ga shi kuwa Hausawan da ke zaune a Gabas su ma sun gudo gida a 1966, sun bar rumfunansu da matattunsu a Fatakwal da Anacha. Jikokinsu na nan a cikinmu, wasu ma ƙila suna cikin wannan ƙungiya tamu.