Gandirobar da Ya Kwana a Kurkuku: Ibro da Iyakar Barkwanci

Hanyar da ta tashi daga Kano ta ratsa Wudil, ta biyo Birnin Kudu, ta nufi gabas, ita ce hanyar da kaset-kaset na finafinan Hausa suka bi zuwa kudancin Jigawa tun ƙarshen shekarun 1990. A gidajen kallo na Birnin Kudu da Gwaram, kamar sauran garuruwan Arewa, sunan da ya fi tara yara da manya shi ne Ibro. Mai sunan kuwa ɗan wannan hanya ne. An haifi Rabilu Musa a 1971 a Ɗanlasan, cikin Ƙaramar Hukumar Warawa, ya yi karatu a Kwalejin Horon Malamai ta Wudil, sannan ya shiga aikin gidan yari a 1991, shekarar da aka cire Jigawa daga Kano.

Ba shi ya fara ba Hausawa dariya ba. Tun gabanin zuwan Turawa akwai wawan sarki, wanda ke faɗa wa sarki abin da fadawa ba sa iya furtawa. Akwai 'yan kama, masu kwaikwayon malamai suna jan baƙi a kan tuwo da nama. Akwai tashe a watan azumi, da wasan barkwanci tsakanin Fulani da Barebari, ko Kanawa da Zazzagawa. Kowanne daga cikin waɗannan yana da shinge: an san mai yi, an san wanda ake yi wa, an san lokacin yi. Wannan shinge shi ne rigar kariyar mai barkwanci. Ko da talabijin ya zo da su Samanja da Ƙasimu Yero, tashar gwamnati ce ke tace abin da zai fita.

Kaset ya rushe wannan tsari. Masana'antar da ta faro da Turmin Danya a 1990 ba ta bukatar izinin tasha, kasuwa ce alƙalinta. Rabilu ya ajiye kakin gandiroba ya rungumi wasa, ya gina hali guda: talaka mai wayon banza, matsoraci mai cika baki, wanda dabararsa ke juyowa kansa. Ya kan ɗauki duk abin da gari ke magana a kai ya liƙa wa sunansa, shi ya sa aka samu Ibro Awilo da Ibro Usama. Na biyun, wanda ya fito bayan harin 11 ga Satumba, 2001, ya jawo masa fushin wasu malamai da masu ganin Usama bin Laden a matsayin gwarzo. Nan ne aka fara gane cewa wasan da aka naɗa a faifai yana isa kunnen wanda bai shiga yarjejeniyar wasan ba.

Babbar jarabawa ta zo daga hukuma. An kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001, bayan ƙaddamar da shari'a. A 2007, sakamakon wani hoton bidiyo na sirri da ya bazu ta wayoyin hannu ya girgiza masana'antar, gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta ɗora Abubakar Rabo Abdulkarim a kan hukumar. Aka dakatar da ɗaukar finafinai, aka tsaurara sharuɗɗa, kotun tafi-da-gidanka ta fara aiki. Adam A. Zango ya shiga kurkuku a 2007, Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama a ƙarshen 2008. Tsakanin su biyun, a Oktoban 2008, aka ɗaure Ibro wata 2 bisa tuhumar gudanar da kamfani ba rajista da rawar da ba ta dace ba a fim ɗin Ibro Aloko. Wanda ya yi shekaru yana kulle wa wasu ƙofa, sai ga shi an kulle masa.

Ra'ayi ya rabu biyu. Magoya bayan hukumar sun ce tarbiyya ake karewa, kuma shahara ba ta ɗora kowa sama da doka. 'Yan fim da masu kare haƙƙin faɗar ra'ayi sun ɗauki hukuncin a matsayin gargaɗi ga duk mai son yi wa mahukunta shaguɓe. Abin da ba a musu a kansa shi ne dokar ta tsaya a iyakar Kano. Masu shirya finafinai da dama sun koma Kaduna, kuma faifan da ya tsallaka zuwa Birnin Kudu ya fita daga hurumin hukumar Kano. Ibro ya fito ya ci gaba da sana'arsa har ya rasu ranar 10 ga Disamba, 2014.

Magadansa na yau ba su da kamfani balle a tambaye su rajista, waya kawai gare su. Amma rigimar ba ta sake ba. A Nuwamban 2022 wata kotu a Kano ta yanke wa matasa biyu bulala 20 kowanne, da tara, da sharar harabar kotu, saboda bidiyon barkwanci a TikTok a kan Gwamna Abdullahi Ganduje. A watan ne kuma aka kama wani ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse kan shaguɓen da ya yi wa Aisha Buhari a Twitter, kafin a janye ƙarar a farkon Disamba.

Sarakunan da suka ajiye wawa a fada sun san amfaninsa: ta bakinsa suke jin abin da gari ke raɗawa. Al'ada ta ba shi kariya ba tare da rubutu ba. Mai barkwancin zamani ya gaji aikin wawan sarki, amma ya rasa rigarsa, sai sashe na 39 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 da ya ba kowa 'yancin faɗar ra'ayi. Daga Ibro zuwa yau, kotuna da mahukuntan Arewa ba su gama yanke ko wannan sashe ya haɗa da dariya ba.