Ziyara da Kayan Tarihi a Ƙasar Dutse da Birnin Kudu

Gabatarwa

Makasudin wannan takarda shi ne mu duba wuraren tarihi da ke ƙasar Dutse da Birnin Kudu, da irin ziyarar da mutane suka saba kai musu, sa'an nan mu ga abin da ke raya irin waɗannan wurare da abin da ke kashe su. Abin da ya sa muka ɗauko zancen kuwa shi ne, galibi in ana maganar kayan tarihin ƙasar Hausa, sai hankali ya tafi Dala da Gobarau da Hubbaren Shehu, a tsallake gabashin tsohuwar ƙasar Kano, alhali kuwa a nan ma akwai abin gani. Ra'ayinmu shi ne, wurin tarihi ba ya rayuwa da doka kaɗai, sai in ƙafar jama'a na zuwa gare shi.

Dutse Gadawur

Labarin baka ya nuna cewa wani maharbi daga Barno, mai suna Duna Magu, shi ya fara zama a gindin waɗannan duwatsu, kuma saboda yawan gada da ya tarar ne aka sami sunan Gadawur. Wannan dai zance ne na kunne ya girmi kaka. Rubutacciyar shaida kuwa tana cikin littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara da Turanci a 1908. A ciki an ambaci cewa Sarkin Kano Abdullahi Burja (1438-1452) shi ne sarki na farko da ya auri 'yar Sarkin Dutse. Watau ke nan tun ƙarni na 15 Dutse gari ne mai sarki, wanda har Kano take neman surukuta da shi. Har ila yau littafin ya kawo yaƙin da Sarki Kumbari (1731-1743) ya kai wa Dutse, abin da ke nuna cewa biyayyar garin ga Kano ba kullum take tafiya daidai ba.

A zamanin jihadi, a farkon ƙarni na 19, sarautar garin ta koma hannun Fulani ƙarƙashin jagorancin Salihi da Musa. Daga baya, da Ningawa suka matsa wa kudu maso gabashin Kano da hare-hare, sai Dutse da Birnin Kudu suka zama garuruwan bakin daga. Wanda duk ya tsaya a Garu, tsohon garin da fadar sarki take, ya ɗaga kai ya dubi duwatsun da suka kewaye shi, zai gane dalilin da ya sa magabata suka zaɓi wurin, domin dutsen kansa ganuwa ne.

Gwamnatin Abubakar Rimi ta ɗaga Dutse zuwa masarauta a 1981, aka soke matakin a 1983. Ranar 27 ga Agusta 1991 aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, Dutse ta zama babban birninta, masarautar kuma ta dawo ta zauna da gindinta. Birnin Kudu na cikin ƙasarta.

Zanen Kogunan Birnin Kudu

A cikin shekarun 1950 ne Bernard Fagg, masanin kayan tarihi, ya bayyana wa duniyar ilmi zane-zanen da ke cikin kogunan Birnin Kudu. Ba mu ce shi ya gano su ba, domin mutanen gari sun san da su tun kaka da kakanni. Ana samun su a Dutsen Mesa da Dutsen Habude da Dutsen Murufu da Dutsen Zango, kuma an sa su cikin jerin kayan tarihi na ƙasa. Yawancin zanen na shanu ne. Abin lura a nan shi ne, da yawa daga shanun da aka zana ba su da tozo, alhali shanun da muke gani a wannan yanki a yau masu tozo ne. Saboda haka zanen shaida ne a kan irin dabbobin da aka yi kiwo a nan kafin waɗanda muka sani su cika ƙasa.

Kusa da zanen kuma akwai duwatsu masu amo, waɗanda in an buge su da ƙaramin dutse sukan ba da sauti kamar kuge. Fagg ya rubuta cewa a lokacinsa amare sukan je wurin tare da ƙawayensu a kwanakin biki. Wannan batu yana da muhimmanci ƙwarai. Tun kafin a kafa dokar kayan tarihi ta 1953, da wadda ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa a 1979, al'adar gari ce take tsare wurin. Dutsen da amarya za ta je, ba wanda zai sa masa guduma.

Ire-iren Ziyara

In mun lura za mu ga ziyara iri uku ce a ƙasar Hausa. Akwai ta addini, kamar zuwa Hubbaren Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a Sakkwato, wanda ya rasu a 1817, ko kushewar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a Wurno, wanda ya rasu a 1837. Akwai ta al'ada, irin ta amaren Birnin Kudu. Ta uku ita ce ta buɗe ido da neman sani, wadda ta bunƙasa da zuwan boko da mota.

To, a nan matsalar take. Hubbare yana nan a gyare saboda maziyarta ba su yanke ba. Amma ziyarar al'ada ta ja baya, domin malamai sun yi wa'azi a kan duk abin da ya yi kama da tsafi, zamani kuma ya sauya yadda ake biki. Ba mu zo mu yi jayayya da wannan wa'azi ba. Abin da muke cewa shi ne, da ta biyu ta ja baya, ta uku ba ta yi ƙarfin maye gurbinta ba, sai aka bar wuraren ba mai tsaro sai allon gwamnati. Alhali kuwa addinin Musulunci ya kwaɗaitar da tafiya a bayan ƙasa domin ganin yadda ƙarshen magabata ya kasance, a yi izina.

Misali daga Ƙasar Indiya

Ƙasar Indiya za ta taimaka mana wajen fahimtar wannan. Birnin Banaras da ke bakin kogin Ganges ya daɗe a raye saboda mabiya addinin Hindu ba su daina zuwa wanka da ibada a can ba, haka kuma babban taronsu na Kumbh Mela, wanda yake zagayowa birnin Prayagraj bayan shekara 12. Waɗannan wurare ibada ce ke riƙe da su. Amma misalin da ya fi kusa da namu shi ne kogunan Bhimbetka, masu zanen dabbobi da mutane, waɗanda V. S. Wakankar ya bayyana a 1957, kusan lokaci guda da na Birnin Kudu. Su bincike da kulawar hukuma ne suka jawo musu maziyarta, har hukumar UNESCO ta sa su cikin kayan gadon duniya a 2003. A gida Nijeriya, Sukur ta sami wannan matsayi a 1999, kurmin Osun na Osogbo kuma a 2005. Ba mu ce zanen Birnin Kudu ya kai na Bhimbetka yawa ba. Darasin shi ne, ilmi yana iya haifar da maziyarta ko da babu ibada.

Kammalawa

Abubuwa uku muke tsoro: masu fasa dutse domin gini, da masu ɗiban ƙasar tsofaffin ganuwowi, da kuma rasuwar dattawan da suka san labari. Na ukun ya fi gaggawa, domin dutse yana iya jira, tsoho kuwa ba ya jira. Shawararmu ita ce, Jami'ar Tarayya ta Dutse, wadda aka kafa a 2011, ta haɗa kai da majalisar masarauta a ɗauki bayanan dattawan Garu da Birnin Kudu a rubuta su da Hausa. Na biyu, a sa ziyarar waɗannan wurare cikin tsarin makarantun firamare da sakandare na jihar, tare da na Islamiyya. Na uku, a shata iyakar kowane dutse mai zane, a danƙa wa mai unguwar wurin amanarsa. Yaron da malaminsa ya kai shi Dutsen Mesa ya nuna masa saniya marar tozo, ranar da ya girma ya zama mai unguwa ko ɗan kwangila, zai san abin da ke cikin kogon kafin ya ba da izinin a fasa shi.