Ƙoda mai rauni: yadda take fama da gishiri da ruwa

Masu saurarenmu na karkara da ƴan uwa mazauna ƙetare, sau da yawa muna jin ana ce ma mai ciwon ƙoda ya yi ta shan ruwa don ya wanke ta. Shawarar ta yi daidai ga mai lafiya, amma ga wanda ƙodarsa ta yi rauni tana iya zama illa.

Kowace ƙoda tana da ƴan matatai kusan miliyan ɗaya. A kwana guda su biyun suna tace ruwan jini wajen lita 180, su maido kusan duka cikin jiki, abin da ke fita fitsari bai wuce lita ɗaya da rabi zuwa biyu ba. Sinadarin sodiyom da ke cikin gishiri ma haka ne: kusan kashi 99 cikin 100 na wanda aka tace yana komawa jini. Shi sodiyom duk inda ya taru, ruwa na bin sa. In mutum ya ci gishiri da yawa, lafiyayyar ƙoda takan fidda rarar. In ya sha rana a gona bai samu ruwa ba, sai ta riƙe ruwan, fitsari ya yi kaɗan, ya yi ja.

Idan ciwon suga ko hawan jini, wato tansiyo, ya kashe wasu matatan, waɗanda suka rage sai su ƙara ƙoƙari, kowace tana fidda sodiyom fiye da da. Shi ya sa mutum kan yi shekaru bai san yana da ciwon ba. Sai dai ƙodar ta daina saurin gyara lamari, ko ta wane ɓangare.

In gishiri ya yi yawa, ba ta iya fidda shi da wuri. Ruwa ya taru, tansiyo ya hau, ƙafafu su kumbura, fuska ta kumbura da safe. In ruwan ya kai huhu, numfashi ya yi wuya, musamman in an kwanta. Wannan alama ce ta a tafi asibiti nan take. Hawan jinin kuma yana ƙara lalata matatan da suka saura.

Haka kuma ba ta iya riƙe ruwa da gishiri lokacin da jiki ke bukatarsu. Tun da wuri takan kasa kaurara fitsari, shi ya sa marar lafiya ke yawan tashi fitsari da dare. To, in zawo ko amai ya same shi, ko zafin watan Afrilu da Mayu, ko azumi, jikinsa kan bushe da sauri, ƙodar ta ƙara nakasa cikin ƴan kwanaki. In kuwa ciwon ya yi nisa ya ɗirki ruwa fiye da kima, sodiyom na jininsa na iya tsinkewa, ya jawo ciwon kai, ruɗewa, har da farfaɗiya.

Hukumar lafiya ta duniya ta ce gishirin babban mutum kada ya kai giram 5 a rana, wajen cokalin shayi guda. A lissafin har da dunƙulen maji, kanwa, kilishi da yajin tsire, domin duk akwai sodiyom a cikinsu. Albasa, tafarnuwa, citta da lemun tsami suna ba miya ɗanɗano. Gishirin kanti mai fotasiyom, wanda ake cewa na masu tansiyo ne, yana da haɗari ga mai ciwon ƙoda.

Yawan ruwan sha kuwa, likita ne zai ƙayyade, bisa awon jini da yawan fitsari. Mai sikeli ya riƙa hawa kowace safiya: ƙarin kilo ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu, kusan litar ruwa ce ta taru. A guji ibuprofen da diclofenac na masu tallar magani, domin suna sa jiki riƙe gishiri, suna rage jinin da ke isa ƙoda. Batun azumi ma, a tambayi likita tukuna.

Ku da ke ƙetare, in kun aiko ma iyaye kuɗi, ku ce a ware na awon tansiyo, na fitsari da na kiretinin a jini. Awon nan ya fi wankin ƙoda a Yamai sauƙi nesa ba kusa ba. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.