Wasiƙa Daga Ingila: Yadda Aka Zuba Taswirar Duniya Cikin Kwamfuta

Da fatan kowa yana lafiya, ya gida, ya aka ji da zafi? Mu nan sanyi ne ke ta gasa mana aya a hannu, amma alhamdulillahi.

Ranar Juma'a da muka yi waya da Baffa ya tambaye ni, wai shin karatun taswirar nan da nake yi, ba tun zamanin Turawa aka gama zana duniya ba? Kati ya ƙare ban ba shi amsa ba, shi ya sa na ce bari in rubuto. Wanda ya karanta don Allah ya karanta masa.

Baffa, Allah ya ƙara maka lafiya, maganar ta samo asali ne tun 1891, lokacin da wani masani Bajamushe, Albrecht Penck, ya kawo shawara a wani taro a birnin Bern cewa ƙasashe su haɗu su zana duniya kaf da ma'auni guda. Ma'aunin shi ne santimita 1 a takarda ta tsaya a madadin kilomita 10 a ƙasa. Aka fara, yaƙin duniya na farko da na biyu suka gitta, daga baya Majalisar Ɗinkin Duniya ta karɓi aikin, amma har aka bar shi ba a kammala ba.

Waɗanda suka zana duniya da wannan ma'auni a ƙarshe su ne sojojin Amurka da ƙawayensu, domin matuƙan jirgin sama. Da kwamfuta ta yi ƙarfi, sai aka kwashi waɗannan takardu aka mayar da kowane kogi da hanya da gari zuwa lambobi. A 1992 aka fitar da sakamakon a faifan CD guda 4 da sunan Digital Chart of the World. Duk duniya ke nan, amma girmanta bai kai gigabait 2 ba, abin da wayar ƙanwata za ta haɗiye yau ba ta ji ba. Shekaru da dama jami'o'i da ƙungiyoyin agaji da shi suka dogara.

To ga inda gizo ke saƙar. Matuƙin jirgi abin da ya dame shi shi ne tsauni, da tafki, da layin dogo, da filin sauka, wato abin da zai hango daga sama. Ƙauyen da faɗinsa bai wuce rabin kilomita ba, a wannan ma'auni rabin milimita ne, bai kai ƙwayar gero ba. Ran da na fara buɗe waɗannan tsofaffin bayanai na ga Kano, na ga Katsina da Maraɗi, amma tsakaninsu fili ne da 'yan ɗigo jefi-jefi, garinmu babu shi. Ba mugunta aka yi mana ba, ba don mu aka zana ba ne kawai.

A watan Fabrairun 2000 kumbon Endeavour ya yi kwana 11 yana zagaya duniya da na'urar rada, ya auno tudu da kwarin kusan kashi 80 cikin 100 na doron ƙasa. Da farko bayanan da aka saki na ƙasashen waje awo ɗaya ne a duk mita 90, na Amurka kuwa a duk mita 30. Sai a 2014 aka fara sakin na mita 30 ga saura, aka kuma fara da Afirka. Da irinsa ake gane inda ruwa zai bi idan an yi ambaliya. Sai dai rada tana ganin tudu, ba ta san sunansa ba.

Nan ne Steve Coast ya shigo. A 2004 ya kafa OpenStreetMap a nan Ingila, taswirar da kowa ke iya ƙara abin da ya sani kyauta. Da girgizar ƙasa ta afka wa Haiti a 2010, 'yan sa-kai daga ko'ina suka zana titunan babban birnin cikin kwanaki kaɗan, masu ceto suka yi aiki da ita.

Mu ma abin ya taɓa mu. A yaƙin da aka yi da cutar shan inna a Arewa, da aka koma amfani da hotunan tauraron ɗan adam, sai aka tarar da rugage da ƙananan ƙauyuka da ba sa cikin taswirar hannu da masu rigakafi ke bi. Wanda ba ya cikin taswira, Baffa, da wuya rabo ya kai gare shi, ko allura ce ko rijiya.

Saboda haka ga roƙona. A samu yaro mai kyan rubutu ya zauna da kai da Kawu, ku lissafo masa sunayen unguwanni da rugage da fadamu da burtalai na ƙasarmu, har da waɗanda aka tashi, da abin da ke gabas da yamma da kowanne. Hoton sama ina da shi, sunayen ne a wurinku.

A gaida Inna da su Gwaggo da yara baki ɗaya. A ci gaba da sa mu a addu'a. Sai wasiƙa ta gaba in Allah ya kai mu.

Wassalam.